Hukuncin da Aka Ce Ba Ya Cin Kuɗi: Karya Umarnin Kariya a Shari'un Safarar Mutane da Kasafin Jihar Texas

A majalisar dokokin jihar Texas ta Amurka akwai wata 'yar takarda da ke bin ƙudurin doka kamar jela, tun daga ranar da kwamiti zai saurare shi har zuwa ranar da za a kaɗa masa ƙuri'ar ƙarshe. Hukumar Kasafi ta Majalisa, wadda aka kafa tun 1949, ita ce take rubuta ta, kuma aikinta shi ne ta faɗa wa 'yan majalisa abin da ƙudurin zai ci wa baitulmalin jiha, ko abin da zai kawo masa, cikin shekara biyar na farko bayan ya zama doka. Ba a wasa da wannan takarda a Texas, domin tsarin mulkin jihar ya hana majalisa ware kuɗin da ya wuce abin da kwanturolan asusun jiha ya tabbatar za a samu, ga shi kuma majalisar ba ta yin zamanta na ƙa'ida sai sau ɗaya a shekara biyu, na kwana 140 kacal. Ƙudurin da aka liƙa masa adadi mai nauyi kan mutu a kwamiti ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wanda kuwa aka rubuta masa cewa ba a sa ran zai yi wa kuɗin jiha wani tasiri na a zo a gani, to ya sami hanya a share.

Wannan jimla ta biyu ita ce galibi ake gani a kan ƙudurorin da ke tsaurara hukuncin wanda ya karya umarnin kariya, ciki har da umarnin da kotu ke bayarwa don kare wanda aka yi safararsa. Dole mai karatu ya yi mamaki: ta yaya za a ƙara wa laifi shekarun ɗauri a ce kuma ba zai ci kuɗin kirki ba, alhali fursuna ci yake yi, ya sha, a tsare shi, a yi masa magani? Jimlar ba ƙarya ba ce. Sai dai gaskiyarta ta rataya ne a kan inda aka ja iyakar lissafin, da wanda aka bari a wajen iyakar, da kuma wani abu mai ɗaci da ba a rubutawa a takardar, wato hukuncin yana da arha ne saboda ba a cika kaiwa ga zartar da shi ba.

Sai a fara da sanin abin da ake karyawar. Texas da Washington su ne jihohi biyu na farko da suka mai da safarar mutane laifi a dokar jiha, a 2003, shekara uku bayan dokar tarayya ta 2000. Daga baya aka buɗe wa waɗanda aka yi safararsu ƙofar neman umarnin kariya ko da babu aure ko zumunta ko zaman gida ɗaya tsakaninsu da wanda ya cuce su, saɓanin shari'un rikicin iyali inda irin wannan dangantaka ce sharaɗi. Tanadin yana yanzu a babi na 7B na dokar tsarin shari'ar laifuffuka. Alƙali yana iya hana mutumin tuntuɓar wadda ake karewa, ko aika mata barazana ta bakin wani, ko zuwa kusa da gidanta da wurin aikinta da makarantar 'ya'yanta, ko riƙe bindiga. Umarnin yana iya ɗaukar tsawon rayuwar ɓangarorin biyu, idan kuma alƙali bai faɗi wa'adi ba, shekara biyu ke nan. Mai nema ba ta biyan kuɗin shigar da takarda, abin da ya dace ƙwarai, amma kyautar da aka yi mata ba ta hana a biya albashin akawun kotu da jami'in da zai kai takardar hannun wanda aka yi umarnin a kansa ba.

Hukuncin karyawa yana sashe na 25.07 na kundin laifuffukan jihar, inda majalisa ta tattaro shari'un safara da na fyaɗe ta haɗe da na rikicin iyali a 2015, kuma hawa-hawa ne. A asali ƙaramin laifi ne na ajin farko, wanda hukuncinsa ɗauri ne da bai wuce shekara ɗaya ba a kurkukun gunduma, ko tarar da ba ta wuce dala 4,000 ba, ko duka biyun. A 2019 aka ƙara hawa na biyu: idan umarnin ya biyo bayan hukuncin da aka yanke wa mutumin a kan laifin asali, karya shi ya zama babban laifi na mafi ƙasan mataki, mai ɗaurin kwana 180 zuwa shekara 2 a kurkukun jiha da tarar da za ta iya kai dala 10,000. Hawa na uku shi ne ɗaurin shekara 2 zuwa 10 a gidan yarin jiha, ga wanda aka taɓa samu da wannan laifi sau biyu, ko wanda ya karya umarnin ta hanyar duka ko bibiyar mutum don tsoratarwa. Wani sashe na kusa, 25.072, ya sa wanda ya karya umarni sau biyu ko fiye cikin wata 12 a wannan hawa na uku kai tsaye.

Ga mai nazarin kasafi, wannan tsani bai tsaya a faɗin tsananin hukunci ba, yana faɗin aljihun da za a zaro kuɗin. Texas tana da gundumomi 254, daga Harris mai mutum kimanin miliyan 4.7 a 2020, inda birnin Houston yake, zuwa Loving da ƙidayar 2020 ta sami mutum 64 a cikinta, kuma gunduma ce ke riƙe da kurkukun da ake tsare masu ƙananan laifuffuka, da kuɗin harajin gidaje da filaye na mutanenta. Gidajen yarin manyan laifuffuka kuwa na jiha ne. Saboda haka muddin laifin yana hawa na farko, jiha ba ta ciyar da fursunan ko da na kwana ɗaya, kuma Hukumar Kasafi ba ta yi ƙarya ba idan ta ce baitulmalin jiha bai ji a jikinsa ba. A ƙasan takardar akan sami wani ɗan sakin layi game da ƙananan hukumomi, wanda kusan kullum yake cewa kuɗin kamawa da gurfanarwa da tsarewa za a iya haɗiye su cikin abin da ake da shi. Wannan kalma ta haɗiyewa ita ce ta fi dacewa a tsaya a kanta, domin ma'anarta ita ce babu wanda zai ba gunduma ƙarin kuɗi, sai dai ta matse wani aiki ta saka wannan.

Mutum zai zaci cewa da zarar an ɗaga laifin zuwa babba, nauyin ya tashi daga kan gunduma ya koma kan jiha. Ba haka abin yake ba sai rabi da rabi. Wanda aka kama, ko da babban laifi ake tuhumarsa, a kurkukun gunduma yake jiran shari'a idan bai sami beli ba, kuma shari'ar babban laifi ta fi ta ƙarami jan lokaci, sai a bi ta gaban masu tantance tuhuma kafin a kai ga alƙali. Idan ba shi da halin ɗaukar lauya, tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1963 wajibi ne gwamnati ta ɗaukar masa, kuma a Texas gundumomi ne ke biyan kaso mafi tsoka na wannan kuɗi, jiha tana ɗan tallafawa ne. Bayan an yanke hukunci ma, doka ta ba hukumar gidajen yarin jiha har kwana 45 kafin ta karɓi fursunan da takardunsa suka kammala. Sannan ga sashe na 12.44 na kundin laifuffuka, wanda ya ba alƙali damar hukunta babban laifi na mafi ƙasan mataki da hukuncin ƙaramin laifi, abin da ake yawan cimma ta hanyar sasantawa tsakanin mai gabatar da ƙara da lauyan wanda ake tuhuma, sai fursunan ya ƙare zamansa a gadon gunduma duk da sunan babban laifi da ke kansa. 'Yan majalisa a birnin Austin su ne ke shan yabon tsaurara doka, kwamishinonin gunduma su ne ke neman abin biya, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Kuma tun 2019 doka ta hana gunduma ƙara kuɗin shigarta na harajin gidaje da filaye fiye da kashi 3.5 cikin ɗari a shekara ba tare da neman yardar masu zaɓe ba. Gundumar Harris, saboda cunkoso da ƙarancin ma'aikata, ta kai ga tura ɗaruruwan fursunoni zuwa gidajen yari masu zaman kansu a jihohin Louisiana da Mississippi tana biyan miliyoyin daloli. A irin wannan wuri babu gadon da za a ce an haɗiye kuɗinsa.

To a koma ga ɓangaren da ya hau kan jiha da gaske. Hanyar lissafin ba ta da wuya. Ana duba mutum nawa aka kama, nawa aka sa a ɗaurin talala, nawa aka kai gidan yari a kan wannan laifi a shekarar da ta gabata, a ƙiyasta nawa ne daga cikinsu sabon hukuncin zai shafa, a ninka da tsawon zaman da za su yi da kuɗin riƙon fursuna na kwana ɗaya. Wannan kuɗi, a rahotannin Hukumar Kasafi na shekarun baya-bayan nan, ya haura dala 70 a rana. A ɗauka dala 75 ne, don misali kawai: fursuna ɗaya zai ci dala 27,375 a shekara, ashirin za su ci dala 547,500. A jihar da kasafinta na shekarun 2024 da 2025 ya kai dala biliyan 321, wadda ke riƙe da fursunoni sama da 100,000, wannan bai kai cikin cokali ba. Hasali ma adadin na gaskiya bai kai haka ba, domin dala 75 ɗin matsakaici ne da ya haɗa da albashin gandirobobi da wutar lantarki da gyaran gini, waɗanda ba sa ƙaruwa don an shigo da mutum ashirin. Abin da ke ƙaruwa shi ne abinci da tufafi da magani. Sai dai wannan hujja tana da tarko, domin a kowane zama ƙudurori da dama masu tsaurara hukunci suna wucewa, kowanne da takardarsa mai cewa bai kai a damu ba, kuma da ɗaya-ɗaya ake cika ɗaki har a wayi gari sai an buɗe sabon sashe an ɗauki sababbin ma'aikata. A ranar kuɗin da aka ce ba ya ƙaruwa yake yin tsalle ɗaya, kuma ba za a iya nuna ƙuduri guda a ce shi ya jawo ba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba tukuna. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya sa adadin masu shiga gidan yari a kan wannan laifi yake da ƙanƙanta, a jihar da wani bincike na Jami'ar Texas da ke Austin ya ƙiyasta a 2016 cewa akwai mutum kimanin 313,000 da safara ta shafa, 79,000 daga cikinsu yara da matasa da ake lalata da su don kuɗi, sauran 234,000 kuma masu aikin tilas. Ƙiyasi ne, an kuma yi ta muhawara a kansa, amma ko an raba shi goma ya fi ƙarfin abin da ke isa kotu nesa ba kusa ba.

Dalili na farko yana cikin yanayin laifin kansa. Mai safara ba da ƙarfin tuwo kaɗai yake riƙe mutum ba. Yana riƙe shi da bashi, da ƙwaya, da takardun tafiya da ya ƙwace, da barazana ga dangin da ke can gida, wani lokaci ma da abin da yarinya ta ɗauka soyayya ce. Da yawa ba sa kallon kansu a matsayin waɗanda aka cuta, ballantana su je kotu neman takarda. Baƙuwar da ba ta da izinin zama tana tsoron ɗan sanda kamar yadda take tsoron wanda ya kawo ta, duk da cewa dokar tarayya ta tanadi biza ta musamman har 5,000 a shekara ga irinta. Idan babu umarni babu abin karyawa. Idan ma akwai umarnin, karyawar ba kasafai take zuwa a siffar mutum tsaye a ƙofar gida ba, tana zuwa ne a saƙon waya daga lambar da ba a sani ba, ko ta bakin wata da ke ƙarƙashin mutumin har yanzu, ko a shafin sada zumunta mai sunan bogi. Doka ta hana duka waɗannan, amma tabbatar da su a gaban masu yanke hukunci yana buƙatar takardar izinin bincike, da masanin binciken wayoyi, da tafinta, da mai gabatar da ƙara mai lokaci, kuma duka kuɗi ne da babu wanda ya ware. Dokar ta wajabta wa ɗan sanda kamawa idan a gabansa aka karya umarnin, ta kuma ba shi dama idan yana da ƙwaƙƙwarar hujja ko da ba a gabansa ba. Tsakanin wajibi da dama, ofishin da ma'aikata suka yi wa kaɗan ya san wanda zai zaɓa.

Dalili na biyu na lissafi ne zalla. Kafin gyaran 2025 da ya ƙara tsananta ta, safarar mutane a Texas laifi ne mai ɗaurin shekara 2 zuwa 20, idan kuma yaro aka yi safararsa ya koma shekara 5 zuwa 99 ko rai da rai, mai ci gaba da aikatawa kuwa hukuncinsa yana farawa ne daga shekara 25. Mutumin da ke fuskantar irin wannan, idan ya karya sharaɗin beli ko umarnin kariya, sau da yawa mai gabatar da ƙara yana amfani da sabuwar tuhumar ne a matsayin sandar matsi wajen sasantawa, daga baya a janye ta ko a haɗe hukuncinta ya gudana tare da babban. A littafin gidan yari za a rubuta shi a ƙarƙashin laifi mafi nauyi. Ke nan tuhumar ta yi aiki, wataƙila ma ita ce ta sa ya amince da shekara goma sha biyar maimakon goma, amma waɗannan ƙarin shekaru biyar ba za su taɓa bayyana a ƙarƙashin sashe na 25.07 ba.

Dalili na uku shi ne ya fi jan hankalina, domin yana ɓoye ne a cikin tagar shekara biyar ɗin nan. Gyaran 2019 bai tsaya ga ɗaga hukunci ba, ya wajabta wa mai gabatar da ƙara ya nemi umarnin kariya da kansa da zarar an yanke wa mutum hukunci a kan safara da laifuffuka makamantanta, sai fa idan wadda ta kai shekara 18 ta ce ba ta so, kuma ya sa umarnin ya zama na har abada idan mai laifin yana cikin waɗanda dole sunansu ya zauna a rajistar masu laifin lalata tsawon rayuwarsu. Sakamakon haka shi ne yawan umarnin da ke aiki zai riƙa taruwa shekara bayan shekara ba ya raguwa. Amma mutanen da aka yi umarnin a kansu, mafi yawansu suna kulle a shekara biyar na farko, ba su da ƙafar zuwa ƙofar gidan kowa. Ranar da za su fara fitowa da yawa, takardar ƙiyasin ta daɗe da rufe idonta, 'yan majalisar da suka kaɗa ƙuri'a wasu sun bar kujera, kuma kuɗin zai sauka a kan kasafin da bai san da zuwansa ba.

Sai batun tara, wanda mutane ke zaton ita ce za ta mai da abin da aka kashe. Ba ta mayarwa. Dala 4,000 da dala 10,000 rufi ne, ba abin da ake yankewa kullum ba, kuma rufin dala 4,000 tun 1994 yake nan bai motsa ba, tsadar rayuwa ta cinye fiye da rabin ƙimarsa. Abin da aka yanke ma ba shi ne abin da ake karɓa ba, domin wanda ke kulle ba ya samun albashi, kuma tun 1983 Kotun Ƙoli ta hana ɗaure mutum a kan rashin biyan tara ba tare da an bincika ko talauci ne ya hana shi ba. Da yawa da kwanakin zaman kurkuku suke biya, wato gunduma ce ke ciyar da su har bashin ya goge. Tarar kanta asusun gunduma take shiga. Rabon jiha shi ne kuɗin kotu na bai-ɗaya, dala 147 a kan ƙaramin laifi na ajin farko da dala 185 a kan babba, wanda wani kaso nasa ke zuwa asusun biyan diyya ga waɗanda aka yi wa laifi. Dala 185 ba ta kai kuɗin riƙon fursuna na kwana uku ba. A matakin tarayya ma labarin bai canza ba: dokar 2015 da Sanata John Cornyn na Texas ya jagoranta ta ɗora ƙarin dala 5,000 a kan masu laifin safara don tallafa wa waɗanda suka cuta, amma ta keɓe marasa hali, kuma wani nazari na wata cibiyar lauyoyi da ke birnin Washington ya gano cewa tsakanin 2013 da 2016 kotunan tarayya sun ba da umarnin biyan diyya ne a kashi 27 cikin ɗari kawai na shari'un safara, duk da cewa doka ta wajabta.

Mai karatu a Najeriya ya san irin wannan zaizayar. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ke kula da aiwatar da ita a Abuja, ta tanadi tarar da ba ta wuce naira 300,000 ba ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba ga wanda ya karya umarnin kariya. A shekarar da aka sa mata hannu wannan kuɗi ya kai kimanin dala 1,500, zuwa 2024 kuwa ya dawo dala 200 ko ƙasa da haka, ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na dokar ba.

Akwai kuma kuɗin da ke sa hukuncin ya zama abin tsoro, wanda ba ya cikin ƙudurin hukuncin kwata-kwata. Sai an shigar da umarnin a rumbun bayanan 'yan sanda kafin jami'in da ya tsayar da mota da tsakar dare ya san da shi. Sai an riƙe rajistar intanet ta umarnin kariya da majalisa ta umarci ofishin kula da kotuna ya kafa a 2019. Na'urar bin sawu da ake ɗaura wa mutum a ƙafa tana da kuɗin haya na kullum da ma'aikacin da zai zauna yana kallon allo. Wadda ake karewa tana buƙatar mafaka da mai raka ta kotu, in ba haka ba ranar shari'a ba za a gan ta ba, shari'ar ta rushe. Yawancin ƙungiyoyin da ke wannan aiki sun dogara ne da asusun tarayya na waɗanda aka yi wa laifi, wanda aka kafa a 1984 kuma tarar manyan shari'un tarayya ke cika shi, ba harajin jama'a ba. Da tarar ta ja baya, rabon jihohi ya faɗi da kusan kashi 40 cikin ɗari a 2024. Idan mai raka mata kotu ta rasa aikinta, shari'un karya umarni za su ragu, kuma a takardar ƙiyasi ta gaba wannan raguwa za ta fito ne a matsayin ƙarin hujja cewa hukuncin ba ya cin kuɗi.

Abin da ya sa gwamnati ke iya yin wannan sakaci ba ta ji a aljihunta ba yana da tushe a shari'a. A 2005 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da wata uwa ta kai garin Castle Rock na jihar Colorado, bayan 'yan sanda sun ƙi bin kiraye-kirayenta har mijinta da aka yi wa umarnin kariya ya kashe 'ya'yansu mata uku. Kotun ta ce tsarin mulki bai ba ta haƙƙin da za ta tilasta a zartar da umarnin ba. Ta fuskar kasafi, ma'anar wannan ita ce zartarwa tana da farashi, rashin zartarwa kuwa kusan ba shi da shi ga hukuma, domin wadda ta cutu ita ce ke ɗaukar asarar, sai asibiti da makaranta da ofishin kula da yara su raba sauran a tsakaninsu a ƙarƙashin wasu layukan kasafi dabam.

An taɓa gwada lissafa ɗaya ɓangaren. Binciken Jami'ar Kentucky na 2009, wanda Farfesa TK Logan ta jagoranta, ya bi mata sama da 200 da suka sami umarnin kariya tsawon wata shida, ya tarar rabinsu ba a karya musu umarnin ba, sauran ma cin zarafin ya ragu sosai, ya kuma ƙiyasta cewa jihar ta tsira da dala miliyan 85 a shekara ɗaya, kimanin dala 30 a kan kowace dala ɗaya da aka kashe. Dole a yi hattara da wannan adadi ta fuska biyu. A kan rikicin ma'aurata da masoya aka yi shi, ba safara ba, inda mai laifin sau da yawa yana da abokan hulɗa da kuɗin shiga da yake karewa. Sannan adadin ya haɗa da ƙimar da aka yi wa kwanciyar hankalin matan, wadda gaskiya ce amma ba kuɗi ba ce da kwanturola zai ƙirga. Takardar ƙiyasin Texas ba ta ɗaukar irin wannan riba, kuma ban ga laifinta ba, domin da za a bar kowane ɗan majalisa ya rubuta ribar da yake fata, da babu ƙudurin da zai ci kuɗi. Illar ita ce ƙudurin da ya ware kuɗin masu bincike da mafaka zai fito da adadi mai nauyi ba tare da ribarsa ba, wanda ya ɗaga hukunci kawai ya fito fes, kuma a zaman kwana 140 an san wanda zai riga isa teburin gwamna.

Jihar Virginia ta bi wata hanya dabam. Dokarta ta ce duk ƙudurin da zai ƙara yawan fursunonin jiha sai an ware masa kuɗin riƙonsu na shekara ɗaya, bisa shekarar da ƙarin zai fi yawa cikin shida masu zuwa, a ajiye a wani asusu na musamman, kuma hukumar tsara hukunce-hukuncen jihar ce ke yin lissafin. Idan bayanai ba su isa a ƙiyasta ba, kamar yadda yake faruwa ga laifuffuka masu ƙarancin shari'u irin wannan, ba a rubuta sifili, ana liƙa wa ƙudurin mafi ƙarancin dala 50,000, kuma sai ya bi ta kwamitin kuɗi kafin ya wuce. Adadin bai kai kuɗin riƙon fursuna biyu na shekara ɗaya ba a jihohi da yawa, amma ya isa ya tilasta wa mai ƙudurin ya tsaya gaban masu rabon kuɗi ya nemi gurbi a kasafi. Ko a can ɗin, abin da ake warewa na gadon gidan yarin jiha ne da wuraren tsare yara masu laifi. Albashin ɗan sandan da zai bi sawun saƙon waya, da tafinta, da ɗakin da wadda ake karewa za ta kwana kafin ranar shari'a, ba sa cikin dala 50,000 ɗin.